Numfashin Motar Madugu

Har yau, idan na ji yaro ya ja iska ta tsakanin haƙoransa, fsss, sai zuciyata ta koma kan hanyar Gumel zuwa Maigatari, wata ranar Alhamis da kaka. Ƙara ce 'yar ƙarama, ba ta kai kukan sauro ba, amma ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina, don ita ce ta tsare wa yayana aikinsa da mutuncinsa.

A lokacin ba a kai ga shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta Gagarawa ba, motocin ƙasarmu kuwa yatsun hannu ɗaya sun isa a ƙirga su. Ɗaya daga ciki ta wani tsohon falke ce da kowa ke kira Madugu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan jakuna da raƙuma, ya tsufa ya sayar da su ya sayo mota a Kano. Yayana ne direbansa. Shekara uku ya yi a Kano yana koyon tuƙi, kuma da ya dawo, har daga ƙauyuka ake zuwa zaurenmu don a ga mutumin da ƙarfe ke yi wa biyayya. Innarmu ta fi kowa alfahari da shi. Mace ce da ba ta iya ganin ƙwarya da tsaga ta wuce, sai ta ɗinke ta. Tulu in ya fara tsiyaya, kafin azahar ta liƙe shi.

Ni kuwa auta ce. Mahaifinmu malami ne, ya zaunar da ni tare da maza na yi karatu har na iya rubuta ajami, kuma tun ina ƙarama nake da wata ɗabi'a da ake yi mini dariya a kanta: duk abin da ke da kiɗa a cikinsa, ko daka ne ko tafiyar raƙumi, sai na ɗora masa baiti. Gwaggonmu takan ce jikina ne kawai ke tsakar gida, ni ina can wajen gajimare.

Ran nan yayarmu da ke aure a Maigatari ta haihu, suna ya faɗo ranar Juma'a. Madugu zai kai huhunan goro kasuwar Alhamis, sai ya yarda mu bi shi, ni da Gwaggo, maigidana kuma ya ba ni izini. Da sassafe motar na ƙofar gidanmu. Yaya na tace fetur da ƙyalle yana zubawa a tanki, wanda ke ƙarƙashin kujerar direba, murfin tankin kuma ya ajiye shi a kan tabarmar zaure, inda Inna ta kawo masa koko. Muka yi sallama, aka zaunar da mu a baya tsakanin huhuna, ni daidai bayan kujerar Yaya. Ya murɗa ƙarfen tayar da mota da ke gaba, inji ya kama, gari ya fara gudu da baya.

Ban taɓa jin daɗi irin wannan ba. Gero ya nuna a gonaki, itatuwan gawo na wucewa ɗaya bayan ɗaya, ƙamshin ɗanyen ganyen goro ya gauraye da warin fetur. Na ga bugun injin ya dace da wata waƙar yabon Manzo da na haddace a wajen mahaifinmu, sai na shiga rera ta a zuci. Na kai wajen baiti na talatin ke nan, bugun ya karye. Motar ta yi tari, ta ja, ta saki, ta sake ja kamar tsohon da ke hawan tudu, sannan ta yi shiru.

Yaya ya sauko, ya buɗe inji, ya kwance fulogi huɗu ya goge su da gefen rigarsa. Ya ɗaga kujera, ya buɗe tanki, ya tsoma kara ya ga mai na nan. Da ya murɗa ƙarfe sai ta tashi. "Fulogi ne suka yi baƙi," in ji shi, muka ci gaba.

Na koma farkon waƙata. Wajen baiti na talatin da 'yan kai, ta sake mutuwa. Wannan karon ya kwance bututun mai ya hura shi, ya wanke kafireta, ya leƙa tanki, ta tashi. Ya ce datti ne. Madugu ya dubi rana, ya taɓa huhun da ke kusa da shi. Goro ba ya son rana, fataken Damagaram da zai sayar wa kuwa, da la'asar suke ɗaure kaya.

Tsayawa ta uku a gindin wata tsamiya ta zo. Gwaggo na ganin itaciyar ta fara karanta duk abin da ta sani.

"Na faɗa tun a gida," ta ce. "Kun ɗauko abin Nasara kuna ratsa gidajen mutanen ɓoye babu ko sallama."

"Gwaggo, a Kano ma akwai tsamiya," in ji Yaya.

"Aljanun Kano sun saba. Namu ba su saba ba."

Ya goge fulogi, ya hura bututu, ya murɗa ƙarfe har gumi ya jiƙe masa riga, motar ta ƙi. Sai Madugu ya sauko a hankali, ya gyara rawaninsa.

"Ɗan Malam, jakina idan ya tsaya nakan san ko yunwa ce ko taurin kai. Wannan fa, wanne ne? Ko dai man nan an raba shi da wani a Gumel?"

Na ga fuskar Yaya ta canza. Ya ɗaga kujera da ƙarfi don ya nuna masa man. Kaina na dab da wurin. Yana murɗa murfin sai na ji ta: fsss. Ba fitar iska ba ce, shiga ce, kamar wanda aka toshe wa hanci aka sake shi. Sai na tuna ai na ji ta a tsayawa ta farko, na ji ta a ta biyu, ban dai ba ta muhimmanci ba. Ya tsoma kara, ya fito jiƙe da mai. Yaya ya murɗa ƙarfe sau ɗaya tak, motar ta tashi.

"To, ba ka sata ba," in ji Madugu. "Saura mu ga ko ka iya. Ta sake tsayawa, zan nemi jakuna a ƙauye na gaba, gobe kuma in aika Kano a turo mini wanda ya san aikin."

Wannan karon ban ji daɗin waƙar ba, amma ban bar ta ba, don ta zame mini ma'auni. Ina rerawa ina tunani. Da aljanu ne, me zai sa su jira baiti talatin? Da datti ne, datti ba ya ƙirga. Kuma a gindin tsamiya Yaya ya yi duk abin da ya yi a baya ba ta tashi ba, sai da aka buɗe murfi. Ina na san wannan ƙara? Sai ga wanzamin gidanmu a idona, yana yi wa mahaifinmu ƙaho. Yakan kafa ƙahon a baya, ya zuƙe iskar ta ɗan ramin da ke kan tsininsa, ya liƙe ramin da kaki. Ƙahon sai ya kama fata gam, ko an girgiza shi ba ya faɗuwa. In an gama, ya ɓare kakin da farce, a ji fsss, ƙahon ya saki.

Ban kai ƙarshen tunanin ba motar ta fara tari. Ta mutu a fili, babu inuwa, ga rufin wani ƙauye can gaba. Madugu ya sa ƙafa ƙasa. Yaya ya zauna riƙe da sitiyari, bai ko motsa ba.

A zamaninmu mace ba ta tsoma baki inda maza ke magana, balle a kan mota. Duk da haka na matsa kusa da Yaya na yi ƙasa da murya.

"Yaya, kada ka taɓa komai. Murfin tankin kawai za ka buɗe, ka kasa kunne."

"Auta, ba lokacin waƙa ba ne."

"Don Allah. In ba ta tashi ba, ba ka yi asarar komai ba."

Kunnen Madugu ya fi na matasa. Ya juyo yana murmushi. "Me 'yar Malam ke cewa? Yau kuma daga cikin lulluɓi za a koya mana mota?"

"Baba, ba mota na sani ba," na ce, idona a ƙasa. "Ƙaho na sani. Ina ga tankin nan ƙaho yake yi wa kansa. Mai na fita, iska ba ta shiga, sai ya riƙe sauran."

Gwaggo ta mintsine ni a cinya. Amma Yaya ya riga ya ɗaga kujera. Ya ce kowa ya yi shiru, ya murɗa murfin a hankali. Mu huɗu duka muka ji ta. Bai taɓa fulogi ba, bai taɓa bututu ba, ya zagaya gaba ya murɗa ƙarfe, inji ya amsa kamar dama jira yake.

Ya dawo ya juya murfin a tafin hannunsa, ya ɗaga shi sama. A tsakiyarsa akwai wani ɗigo mai launin zuma. Na zaro allurar da ke maƙale a ɗankwalina na miƙa masa. Ya soka, sai ga ɗan kaki ya faɗo, bai kai ƙwayar gero ba, hasken rana kuma ya ratso ta ramin ya sauka a hannunsa.

"Na san da ramin nan," ya ce a hankali. "Wallahi na ɗauka kuskuren maƙera ne."

Madugu ya karɓi murfin, ya leƙa ta ramin da ido ɗaya, ya daɗe yana dariya. "Shekara arba'in ina huda hancin raƙumi, ban san ƙarfe ma yana da hanci ba. Hau mu tafi, direba."

Direba ya kira shi, ba ɗan Malam ba, kuma na ga Yaya ya ji bambancin.

Na sake ɗauko waƙata daga farko. Da na zo baiti na talatin na riƙe numfashi, na ga wuyan Yaya ma ya sandare. Talatin da biyar. Arba'in. Inji na bugawa daidai, bai tsallake ko ɗaya ba. Na kai ƙarshen waƙar, na sake ɗaukowa, ban san lokacin da muryata ta fito fili ba, sai na ji Gwaggo na karɓa mini amshi. Muka shiga Maigatari kafin azahar, raƙuman kanwa na durƙushe, kasuwa na tsakiyar ci. Madugu ya kwance huhun farko, goro ja jawur kamar yanzu aka ɗebo. Ya zaɓi guda goma manya ya ba Gwaggo, ya ce a ba malamar mota. Sunan ya bi ni har tsufa, Yaya kuwa ya tuƙa wa Madugu mota har mutuwa ta raba su.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, idan abu yana zuwa yana tafiya, kada ka tsaya a kan abin da ka yi ya tafi; ka nemi abin da ke nan kowane karo, ko da ya fi komai ƙanƙanta. Kuma babu ilimin da yake na banza, ko na zaman kallon wanzami ne.

Wanda ya sa kakin dai ba mu sani ba. Yaya ya zargi masu hassada, Gwaggo ta tsaya a kan aljanunta. Sai bayan shekara ashirin da wani abu, Inna ta tsufa ƙwarai, ina taje mata kai a inuwa tana ba jikokinta labarin babansu.

"Har motar Nasara na taɓa gyara masa," ta ce. "Wata safiya ya ajiye murfinta a zaure, na ga huda a jiki. Na ce yaron nan, mai zai tsiyaye a ce shi ya sata. Na ɗauko kakin zumana na liƙe masa tsaf, ban ko gaya masa ba. Kun ga kuwa, tun daga ranar Madugu bai sake yi masa faɗa ba."

Na tsayar da matajin. Jikokin na kallonta da sha'awa, ita kuma fuskarta cike da haske.

"Haka ne, Inna," na ce. Na ci gaba da taje mata kai.