Tabarmar Goggo a Kan Katanga

Warin tabarmar kaba da ta jiƙe, rana ta fara dukanta, shi ya dawo mini da Goggo. Shekaranjiya na ji shi daga gidan maƙwabta, nan Tarauni, na tsaya cak da bokiti a hannu kamar an kira sunana.

Goggo yayar Baba ce. Da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, lokacin bayan gida gonaki ne, ba a gina babban asibiti ba. Ina shekara bakwai. In bazara ta shigo kowa yana kukan zafi, amma na Goggo daban ne. Tana cikin tankaɗe sai ta ajiye rariya, ta fizge ɗankwali, wuyanta ya yi sharkaf. Ta kamfato ruwan randa da moɗa, ta jiƙa gefen zani ta ɗora a ƙeya. Jim kaɗan ta mayar da ɗankwali, ta ɗauki rariyarta. Shayi ta daina sha, yaji ma ta daina barbaɗawa a tuwo.

Ni kuwa ina fitsarin kwance. Dokar gidanmu, wanda ya jiƙa tabarma shi zai shanya ta a katanga, yara suna ce masa amalala. Kullum da safe, tawa tana can. Kullum kuma ta Goggo tana kusa da ita, a jiƙe, har da zani. Abin ya tsaya mini a rai. Don me ni kaɗai ake yi wa dariya?

Ranar sunan ƙanena, gida cike da mata, wata ƙawar Inna ta ja kumatuna ta ce, “Ke amarya, har yanzu kina yi wa tabarma ban-ruwa?”

Na ce, “Ai ba ni kaɗai ba ce. Goggo ma amalala ce, kullum tana shanya tata.”

Tsakar gida ya ɗauki dariya. Inna ta daka mini tsawa daga ɗakin jego, “Rufe mana baki, mara kunya!” Goggo tana tsaye da faranti na waina. Ta ce, “Ku ƙyale ta, abin da ta gani ta faɗa.” Nan take zufa ta karyo mata, tana bin haɓarta. Ran nan ba ta taɓa ɗankwalinta ba.

Daga ranar tabarmata kaɗai ke hawa katanga. Goggo ta koma naɗe tata a jiƙe, ta jingine bayan ƙofa. Ɗakinta ya fara warin fumfuna. Wata rana ta ce, “Zo ’yata, shafa mini hoda.” Da ta sauke zani na ga bayanta duk ƙuraje. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, ba kuma wanda ya gaya mini cewa zufa ce ke jiƙa tabarmar nan.

Aikin maigidana ya kai mu ƙasashe. Na ji Larabawa suna kiran shekarun tsayawar al’ada shekarun yanke ƙauna. Na ji Faransawa suna ce wa abin hucin zafi, mace ta faɗa a ofis tana fifita da takarda, ba wanda zai ɗaga kai. Mu a gida ban taɓa jin an kira shi da suna ba. Ina can Goggo ta rasu.

Sai da abin ya same ni, ni ma cikin bazara, ba wuta, fanka a tsaye, sannan na fahimci tabarmar nan. Nas ɗin da ke haya kusa da mu ta ce in riƙa sa kayan auduga, in rage shayi da yaji, in ajiye ruwan sanyi kusa. Duk Goggo ta gano wannan ita kaɗai. Rana ce kawai take nema ta busar mata da shimfiɗa, ni kuma na hana ta.

Jiya da safe ina shanya zanin gado, jikata ta leƙo tana toshe baki. “Hajiya, fitsari kika yi?”

Na ce, “Zufa ce. Zo nan in gaya miki dalili.”

Da na gama, na cire zanin daga igiyar bayan ɗaki, na mayar da shi ta tsakar gida, inda rana ta fi bugawa.