Na Kai Inna Inda Dare Ke Hucewa

Kano

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na goyi Inna zuwa bakin titi. Wata biyu ke nan da na kawo ta ganin likita saboda ciwon ƙafa. Ƙafar ta warke, barci ne ya guje ta. Kwana tara ba ta samu na kirki ba, ta rame, abinci ma ta daina karɓa. Na saya mata fanka mai caji, ta ce hucin tukunya take kaɗo mata.

Shekara ashirin ina gadi a birnin nan, na san abin da take nufi. Siminti da kwalta su wuni suna shan rana, dare na yi su amayar. Hayaƙi ya tokare sama kamar murfi, zafin ya tashi ya dawo kan mutum. Ni na saba. Ita kuwa ta dafa bango ta ce, "Ɗanlami, ginin nan zazzaɓi gare shi. Kai ni gida."

Karaye

Mota ta cika a Kabuga bakwai saura kwata. Direba ya ba Inna gidan gaba, wai shi ba ya cusa uwa a baya. Shinge biyu muka wuce kafin Gwarzo. A na biyun ɗan sanda ya leƙo, ya gaishe ta, ya ce mu tafi. Tara da rabi muna Karaye. Na sayo koko da ƙosai, ta yi kurɓi uku ta ture. Hankalina ya tashi, ban nuna ba.

Rogo

Sha ɗaya muka sauka, rana ta take. Na ce mata ga shi nan ma wuta ce. Ta ce in bari rana ta faɗi tukuna. Muka hau babur, ita a tsakiya, na riƙe ta har ƙauyenmu Jajaye.

Jajaye

Da magariba ƙanwata Talatu ta yayyafa ruwa a tsakar gida, ta fitar da tulu, ta cire faifan bakinsa. Inna ta ɗaga kai ta ce tunda taurari sun fito fes, sama za ta kwashe zafin ƙasa. Da akwai gajimare da ya lulluɓe mu da shi. Talatu ta miƙo mini mayafi. Na ce a bazara? Ta mayar da kayanta.

Bayan isha'i Inna ta yi barci har da minshari. Na zauna gadinta, aikina ne. Can dare ya raba, tabarma ta yi sanyi, na takure, ban san sanda barci ya sace ni ba.

Na farka da zanen Inna a jikina. Tana zaune tana shan ruwan tulu, tana yi wa Talatu faɗan ɗumame ya daɗe.

"Ɗan birni," ta ce, "an ba ka mayafi ka ƙi."

Da ɗumamen ya iso, ta cinye kwanon tas. Alhamdu lillahi. Direban nan da Talatu, Allah Ya saka muku da alheri.