Ranar da Na Hau Soro Ban Aika Ba

Shekarun baya, bayan kaka, lokacin da ruwan dam ɗin Watari ya fara ja baya, abokina ya zo gidanmu da jaka biyu. Direba ne, yana ɗaukar masu zuwa ƙirga tsuntsaye a bakin ruwa, kuma da suka samu sababbin kaya sai suka bar masa tsofaffin. Ya san halina tun muna yara: ko korar tsuntsayen jan-baki aka tura ni gona, sai in tsaya ina kallonsu suna cin gero. Ya ce in zaɓi ɗaya in riƙe.

Na farko ƙaramin madubin hangen nesa ne mai ido biyu. Ina ɗora shi a fuska duniya ta hau rawa, don hannuna ba ya tsayawa idan ina ɗoki. Na biyu dogo ne mai ido ɗaya, yana zama a kan ƙafa uku.

"Wannan ne naka," in ji abokina. "Shi ba ya karkarwa irin taka. Ka fara gano tsuntsun da idonka, ka saita, sannan ka murɗa zoben nan a hankali. Kuma kar ka kuskura ka kalli rana da shi."

Kwana uku ban buɗe jakar ba. Gidanmu ne na ƙarshe ta gefen fadama, daga saman soro ana hango ruwa sarai. Amma ana kuma ganin tsakar gidan maƙwabcina, dattijo abokin mahaifina da muke kira Baba. A wurinmu namiji ba ya hawa sama sai an sanar. Matata ce ke leƙawa ta katanga ta ce, "Za a hau sama!" mata su sa mayafi ko su shiga ɗaki. Ido kawai ma ke nan, ina ga abin da ke jawo nesa kusa? Har liman na tambaya. Ya yi dariya ya ce kallon tsuntsu ba ya karya alwala. Duk da haka hankalina bai kwanta ba, sai da na kafa zana ta gefen gidan Baba, na kuma ɗaure kan madubin da igiya a jikin azara, yadda ba zai juya ko'ina ba sai wajen ruwa.

Jama'a, ranar farko da na leƙa sai da na ja da baya! Zalɓe ne a gabana, har ƙwayar idonsa nake gani, da ƙaramin kifi a baki yana mutsu-mutsu. Kullum da safe matata ta yi kira, ni kuma in hau.

Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, muka ji wani kuka mai kauri daga fadama. Mahaifiyata ta ajiye ludayin koko ta ce, "Wallahi gauraka ce! Rabon da in ji ta tun kana goye."

Ban san lokacin da na hau tsani ba. Na kama madubi, na saita, na murɗa. Ga su nan su biyu, tukkun kansu kamar tsintsiyar zinariya, kumatu fari da ja, ɗaya na tsalle yana buɗe fukafukai a gaban ɗaya. Na ɗaga murya na yi kabbara.

Sai na ji salati ta bayan zana, da ƙarar taɓarya ta faɗi. Matar Baba ce ke daka ba mayafi, ta hango kaina ya ɗago ta saman zana, ga dogon ƙarfe a gabana. A nan na tuna ban aika an sanar ba.

Ba a jima ba Baba ya yi sallama ya tsaya a gindin tsani. "Ashe abin da ake faɗa a majalisa gaskiya ne? Ka samo na'urar leƙen gidajen mutane? Ni da na riƙe ka a hannu ranar sunanka?"

"Baba, na yi laifi, ban aika ba," na ce. "Amma don Allah ku hau ku gani kafin su tashi."

Ya tattare riga ya hau. Bai leƙa ba tukuna. Kan madubin ya kama ya murɗa wajen gidansa da ƙarfi, igiya ta ƙi. Ya dubi igiyar, ya dubi zana, ya dube ni.

"Wa ya ɗaure?"

"Ni ne, Baba."

Sai ya sunkuya ya sa ido. Ya daɗe a haka, har na fara tsoron bayansa zai riƙe.

"Kai! Kai! Gauraka!" Ya miƙo hannu yana lalube ya damƙi rigata. "Da ubanka muke binsu a fadamar nan, ko sau ɗaya ba mu taɓa matsowa haka ba. Dubi yadda yake mata rawa, ɗan nema!"

Ya ɗago ya juya wajen zana. "Hajiya, ki yi haƙuri, ba ke yake kallo ba. Abin da yake kallo ma ya fi ki ado!"

Daga ƙasa ta ce, "To ku zauna can, shi mai adon ya dama muku fura!"

Da yamma muka kwance igiyar, muka kai madubin bakin fadama, mahaifiyata da Hajiya suka leƙa su ma. Kwana biyu gaurakin suka yi, ban sake ganinsu ba.

Har yau idan na tuna faɗuwar taɓaryar nan sai gabana ya faɗi. Abin da na gane shi ne, ranar da bakina ya kasa kare ni, igiyar da na ɗaura ba wanda ya gani ita ta yi magana. Yanzu sau biyu matata ke kira kafin in taka tsani, tana yi tana mini dariya. Na farko na mata ne. Na biyun kuwa umarni ne da Baba ya bar mini yana saukowa a ranar:

"Gobe ka aika. Kuma ka aika mini ni ma, kar ka sake ka hau ba ni."