Zagin Turancin Da Na Ara Na Jefi Ƙanena

Edita, ƙane ɗaya gare ni uwa ɗaya uba ɗaya, kuma da ƙafafunsa biyu lafiyayyu ya sauka nan Amurka a tsakiyar shekarun tamanin. Ni na aika masa tikiti. Lokacin ina da fili a Beltsville inda nake sayar da motocin hannu, ina ji da kaina don ba wanda ya ɗaga ni. Da wankin mota na fara, a wurin wani tsohon Bature dillalin gwanjo mai bakin tsiya. Zaginsa ma na zamanin kakanninsa ne, ko yaran Amurka ba sa gane shi. In ka yi sanyin jiki ya kira ka milksop, wato burodin da aka jiƙa da madara. In ka ja da baya ya ce lily-livered, mai farar hanta, wanda tsoro ya tsotse wa jini. Shekara huɗu ina haɗiye su, har na yarda su ne suka mai da ni namiji.

Ƙanena mai sanyin hali ne. A wurin gwanjo kafin ya ɗaga hannu an buga wa wani motar. Da Hausa ba zan iya ce masa rago ko matsoraci ba, bakina zai yi nauyi, zan ji kamar mahaifiyarmu tana bayan ƙofa. Amma da Turancin tsohon nan ban jin komai, kamar ba ni nake faɗa ba. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce to Yaya, yadda aka tarbiyyantar da mu. Na ɗauka bai gane ba. Ashe rubutawa yake a ɗan littafinsa, ya je laburaren makarantarsu ya buɗe ƙamus. Da a gida ne, da ya kai ƙarata wurin kawu an zaunar da mu. A nan ni ne yaya, ni ne kawu, ni ne maigida.

Wata safiya da hanya ta daskare da ƙanƙara muka sayi mota a gwanjo wajen Upper Marlboro. Ya zagaya ta, ya taka birki, ya matso ya ce mini a hankali tayoyin sun cinye, birkin ma ba ya kamawa, mu kira janwe. Gaskiya ya faɗa, ni ma na gani. Amma dillalai na tsaye, wani ɗan Kumasi abokin hamayyata har yana tambayata cikin dariya ko amarya na kawo daga gida. Sai na ɗaga murya na jera wa yaron kalmomin nan biyu, na ƙara da pantywaist, namijin da har yanzu uwa ke ɗaura wa wando. Aka bushe da dariya. Ya karɓi makulli ya shiga motar. Ina biye da shi a tawa motar na ga tasa ta juya sau biyu ta daki ƙarfen gada. A asibiti suka yanke ƙafar dama daga gwiwa. Cikin kayan da nas ta miƙo mini na ga littafin, kowace kalma da fassararta, da rubutunsa mai kyau.

Yanzu yana Lanham da iyalinsa. Na nemi gafara ba sau ɗaya ba, ya ce ba komai Yaya, ƙaddara ce. Yana gaishe ni da ladabi, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, shi ke nan. Bai ƙara gaya mini abin da ke ransa ba. Wanda ya yi ƙoƙari ya faɗi gaskiya sau ɗaya aka yi masa dariya, me zai sa ya sake?

Masu riƙon ƙanne a ƙasar mutane, abin da kuka san ba za ku iya faɗa da harshen uwarku ba, kada ku are shi a wani harshen. Yana shiga daidai yadda na gida yake shiga. Wanda kuma ya ce muku yana jin tsoro, ku duba ko ya ga abin da girman kai ya hana ku faɗa. Ranar na tsira da mutuncina a gaban dillalai biyar, yau ko sunan ɗayansu ban riƙe ba. Shi ya rasa ƙafa, ni na rasa ƙane yana raye.