Fuskar da ke cikin rawanin Albarka

Rumfar Tambari mai zane tana jikin tawa a bakin kasuwar Gwandu, zana ce kawai ta raba mu. Ni tela ne, sunana Sambo, kuma na shaƙi warin fentinsa har kayan da nake ɗinka wa mutane suna tafiya da shi gida. Dogon mutum ne mai nauyin baki. In ka gaishe shi yana jan layi, sai ya kai ƙarshen layin kafin ya amsa, ko da hakimi ne kai. Abincinsa rubuta allon shago ne da zanen bayan manyan motoci, amma ba da wannan aka san shi ba. Da Bawa Ɗan Gulbi aka san shi.

Bawa jarumi ne da Tambari ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1980, cikin wasu 'yan littattafan zane masu shafi kaɗan. Masunci ne da ke numfashi a ƙarƙashin ruwa, yana ɗaga kwalekwale da hannu ɗaya, yana kama kada ta wutsiya ya yi mata faɗa kamar 'yar da ta fasa tulu. Kullum yana dariya, wushiryarsa a waje. Tambari ba a takarda yake zana shi ba, a kan sitensil yake karta shi da wani ɗan ƙarfe mai tsini, a kai Birnin Kebbi wurin wani mai tafireta ya gurza a inji. Aikin ba ya son kuskure, don abin da ka karta ya kartu. In hannu ya kuce, sai dai a shafa jan farce a toshe wurin, a jira ya bushe.

Akwai wata ɗabi'a tasa kuma da kowa ya sani: ba ya zana fuskar da bai gani da idonsa ba. Duk wanda ke cikin littafin, mutumin kasuwa ne. Wani mahauci ya yi wata guda ba ya gaishe shi saboda ya tsinci kansa a matsayin ɓarawon shanu. Ni ma an sa ni sau ɗaya, ina gudu daga kura kamar yadda ya taɓa faruwa da ni, wai har da tsayin haɓata. Shi kuwa Bawa, fuskar Siddiƙu ce, ƙanen Tambari da ke sana'ar su a Kalgo. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, suna kama sosai, sai dai shi Siddiƙu Allah ya ba shi duk dariyar gidan, ya bar wa yayansa shiru.

A daminar 1984 gulbi ya kawo ruwa, kwalekwalen da Siddiƙu ke ƙetarar da mutane ya kife. Ya fitar da waɗanda ya iya, shi bai fito ba. Ya bar mata, Hadijatu, da jaririya a goye mai suna Larai. Bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba a rayuwarsa. Daga ranar Tambari ya ajiye ƙarfen nan nasa, labarin Bawa ya tsaya a tsakiya, yana riƙe da wuyan wani dodon ruwa bai kai shi ƙasa ba. Mutane suka yi ta tambaya har suka gaji.

Sai a 1998, muna zaune, na ji ƙarar karta daga bayan zana. Na san ƙarar nan kamar yadda na san ta kekena. Na leƙa, ya rufe da hannu. Makonni yana abu ɗaya, warin jan farce ya fi na fenti yawa a rumfar, har na soma zolayarsa cewa ko kitso zai koma yi. Da littafin ya fito, sabon jarumi ne mai suna Albarka, wanda ke hawa guguwa kamar doki, yana kashe gobarar rumbuna da numfashinsa, yana jin kukan mutum daga garin Ceberu alhali shi yana can Dangoma. Zanen ya fi na da kyau nesa ba kusa ba. Amma Albarka ya naɗe kansa da rawani har bisa hanci, idanu kawai ake gani.

Abdulgani direba, wanda ke kai littattafan Kalgo ranar kasuwa, shi ke dawo mana da abin da aka ce. Ba ya rage komai, in ma bai ƙara ba.

"Malam Tambari, mutanen Kalgo na gaishe ka," in ji shi, yana kaɗa makulli. "Sun ce wagga amarya taka, yaushe za a buɗe mata kai?"

Sunan ya bi Albarka. A teburin mai shayi na tashar Kalgo, inda mutum ɗaya ke karantawa da ƙarfi saura suna leƙen zanen ta kafaɗarsa, ba a cewa an kawo Albarka, sai dai an kawo amaryar Tambari. Masunta suka ce jarumin da ke ɓoye fuska akwai abin da ya yi. Samari suka ce a dawo musu da Bawa ya ƙarasa da dodonsa, alhali rabinsu ba su da wayo lokacin da aka daina shi, tsofaffin kwafe suka gada daga yayyensu. Mu kuwa mutanen Gwandu, da yake ba ma son a ce ba mu gane abu ba, sai muka ce rawanin kamala ne, kuma wanda bai fahimta ba ya koma makaranta. Aka yi ta musu a mota tsakanin garuruwan biyu. Ni abin da ya ba ni haushi, masu zagin su ne ke fara tare Abdulgani tun bai kashe mota ba.

Na ga abin yana cin Tambari. Wata ranar da kasuwa ta yi sanyi na zagaya na same shi, na ce ya cire rawanin nan kowa ya huta, fuska ba ta ƙare a kasuwa ba.

Ya jawo wasu sitensil daga ƙarƙashin benci ya shimfiɗa mini. Duk jikin jarumin lafiya lau, amma wurin fuska ja wur, jan farce bisa jan farce.

"Na gwada ta mai kifi, na gwada ta ɗan dako," ya ce. "Dut huskad da nis soma, shi ka hitowa. Hannun ba shi jin magana, Sambo. Kuma ba ni iya kallonai shina dariya, ni na tsuhwa, shi shina nan inda yat tsaya."

Na koma kan kekena. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, don na gane ko ya bar mutane su ci gaba da yi masa dariya, ko ya zana abin da zuciyarsa ba ta iya ɗauka, ko kuma ya sake ajiye ƙarfen, wannan karon har abada.

Bayan fitowa ta huɗu ko ta biyar, Larai ta zo Gwandu. Ta zama budurwa, uwarta ta daɗe da yin wani aure a can Kalgo. Ta kawo wa baffanta busasshen kifi, ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ciro littafin Albarka daga cikin mayafi. Ina jin su ta zana, kuma ba zan yi ƙarya in ce na ci gaba da ɗinki ba.

"Baffa, ni na san wanda ac cikin rawanin ga."

Ya ce mata ba kowa ciki, zane ne.

"Hannunai na gani. Ɗan yatsan ga na hagu da yal lanƙwashe, Bawa na da shi. Inna ta ce ƙugiya ta tay yi ma babana haka."

Tambari ya karɓi littafin ya duba. Ya rufe fuska, ya manta da hannu. Shekara da shekaru yana zana yatsan nan a lanƙwashe, bai ma san yana yi ba.

"Ke ma Bawa kika so in maido?" ya tambaye ta.

"A'a, Baffa. Bawa na san shi, ina da shi cikin akwati, shi kaɗai na hoton babana. Amma kullum saurayi na. In Allah ya ba ni rai, wata rana sai in girme shi. So nikai in ga yadda za shi zama yanzu, da shina nan."

Can ya ce ai ta san shi ba ya zana abin da bai gani ba. Nan ne na kasa haƙuri, na ɗaga murya daga rumfata na ce akwai dogon madubin da masu gwada riga ke dubawa, ba haya nake karɓa ba, kuma duk Gwandu an san da wa Siddiƙu ke kama.

Washegari da hantsi Tambari ya shigo da bencinsa ya ajiye gaban madubin.

A fitowa ta gaba, kwalekwale ya kife da mutane a tsakiyar gulbi. Albarka ya sauko daga guguwarsa ya faɗa ruwa, ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya rage. A shafin ƙarshe shi ma ya fito, ruwa ya tafi da rawanin. Dattijo ne mai furfura a gemu, goshi duk layi, baki a rufe.

Abdulgani ya dawo da labari kashi-kashi. Samari sun ce an cuce su, sun jira jarumi an ba su tsoho. Wasu sun ce Tambari kansa ya zana, son kai ya yi masa yawa. Mutanen Gwandu suka ce dama sun sani. Amma ya ce da littafin ya kai hannun tsofaffin masunta a teburin mai shayi, ba wanda ya yi musu. Suka yi ta miƙa wa juna, ɗayansu ya cire hula ya ce Allah ya jiƙan Siddiƙu, saura suka ce amin. Abdulgani da bakinsa ba ya mutuwa, ranar a hankali ya faɗi wannan.

Tambari ya saurara duka, amma ba su yake jira ba. Sai da kasuwa ta zagayo Larai ta zo. Ta ce ta gode, ta sa shi cikin akwati kusa da Bawa. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce akwai saƙo daga innarta, wadda ta karɓi littafin ta shiga ɗaki da shi ta daɗe.

"Ta ce a gaya ma Yaya, goshin ya yi, gemun ma ya yi. Amma bakin na Yaya na, ba na babana ba. Ta ce shi wancan ko ya kai shekara ɗari ba shi rufe baki haka."

Da ta tafi, na ci gaba da ɗinkin wata riga. Can na ji motsi, na ɗaga kai. Tambari ne tsaye gaban madubina, ƙarfen karta a hannu, yana buɗe baki yana rufewa, yana neman inda layukan fuska ke faɗawa in mutum ya yi dariya. Abin bai zauna masa ba ko kaɗan, kamar mai ciwon haƙori.

Ya hango ni ta cikin madubin ina kallonsa.

"Sambo," ya ce, "ba ni labarin nan na ranad da kura tab bi ka. Na mance yadda anka yi."