Man Shanun Turai

Matata Turai 'yar Zandam ce, gidan masu shanu. Ta zo gidana a Gwaram shekarar da aka samu mulkin kai, ta tarar da ni kamar sillen kara. Da gani ta ce wannan abin kunya ne, don a wurinsu wuyan miji ake dubawa a san hannun matarsa. Ta kama aiki. Ita ke kaɗa nono da kanta, ta soya man, ta kwarara shi a miyar kuka har tuwon ya yi iyo.

Lokacin da kuɗin fetur suka shigo, na riga na ajiye tumbi, wuya ya yi ninki biyu. Ban je Makka ba, amma Alhaji ake ce mini a tasha, ni kuwa ina amsawa.

Sai ƙirji ya fara riƙe ni in na yi 'yar tafiya. A asibitin Birnin Kudu likita ya ce maiƙo ya yi yawa a jinina, yana liƙewa a bangon jijiyoyi kamar yadda yake daskarewa a ƙwarya, bangon ya yi kaushi, hanya ta ƙuntata. In ta toshe, shi ke nan. Ya hana ni man shanu da kitse.

Turai ta daina kaɗa nono. Ni kuma, don tsabar girman kai, na hana ta faɗa wa kowa ina ciwo. Da na fara ramewa, laifin ya hau kanta. Mata suka ce rowa ta kama ta, ta haɗiye, ba ta tona ni ba.

Ranar sunan jikanmu ina zaure na jiyo yayata Mero a tsakar gida.

"Turai, kin ramar mana da ɗan'uwa. Shanun gidanku sun ƙafe ne?"

"Yaya Mero," in ji Turai, "gara ku zage ni da ramammen miji, da ku zo mini ta'aziyyar mai ƙiba."

Kunya ta rufe ni, don a lokacin akwai ƙunshin tsire mai kitse a aljihuna, da ɗuminsa, na sayo a ɓoye. Na fito da shi na miƙa wa mai raɗin suna, na shiga cikin matan nan da babbar rigata, na gaya musu abin da likita ya ce.