Hannun Baba Mudi Mai Cajin Batir

Kafin rana ta ɗago, Baba Mudi ya share gaban rumfarsa da ke bayan tashar motocin Paiko a nan Minna. Sai ya fito da baƙaƙen farantan nan biyu masu shan hasken rana, waɗanda ake kira sola, ya goge su da tsumma, ya jingine su suna fuskantar gabas. Batiran motoci kuwa a inuwa yake jera su, kan katako, inda iska ke ratsawa. Kowanne sai ya kwance murafunsa ya leƙa, ya ƙara ruwa in ya ja baya, kuma ruwan rijiya bai taɓa shiga batirin da ke hannunsa ba. Shekara goma sha biyu ke nan yana haka, tun da ya bar aikin reluwe, inda mahaifinsa ma ya ci ƙuruciya ya tsufa.

Direbobi suna masa tsiya da suna Baba Sai-gobe, domin ko gemunka ya kai cibiya ba zai yi maka cajin gaggawa ba. Mai sigari a baki kuwa daga tsallaken kwata yake gaishe shi. Wasu sun yi fushi sun sauya wuri. Mu ma mun taya su dariya, yau kuma kunyar abin muke ji.

Sista Martha ce ta rufe mana baki da labarin da ta ba mu. Ita ce ungozomar wani ƙaramin asibiti a ƙauyen da ke gaba da Gwada, inda Baba Mudi ya haɗa faranti da batirin babbar mota domin firijin allurar rigakafi. Duk wata yakan hau mota ya je dubawa. A daminar 1989 zazzaɓi ya kwantar da shi wata biyu. A bayansa ɗan akwatin da ke tsai da caji idan batir ya cika ya lalace, wani mai gyaran rediyo ya cire shi ya haɗa waya kai tsaye. Saboda tsoron ɓarayi kuma aka buga katako aka toshe tagar ɗakin da batirin yake.

Ranar da ya samu ƙarfin komawa ta dace da ranar rigakafi. Mata ashirin da shida ne a baranda da goyonsu, wasu a kan bencin da ke jikin ƙofar ɗakin. Kwana uku ɗakin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, har matan suka fara toshe hanci. Martha mace ce mai tsafta, abin ya ci mata rai. Ta yi abin da kowace macen kirki za ta yi wa ɗaki mai wari: ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta, ta nufi ƙofa.

Ta sa makulli za ta buɗe ke nan Baba Mudi ya shigo harabar, warin ya daki hancinsa. Ba lokacin sallama, ba na bayani. Dattijon da bai taɓa ɗaga wa mace murya ba ya ruga, ya damƙi bakin kaskon da hannun dama, garwashi da komai, ya yi jifa da shi can tsakar fili. Martha ta ce zaginsa ta fara yi, a gaban mutane, tana tambaya ko zazzaɓin ya taɓa masa kai ne.

"Sista, ki yafe ni," in ji shi. "Ki kwashe matan nan da 'ya'yansu zuwa gindin mangwaro, zagin ya biyo baya."

Da hannu guda ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe farantin don caji ya tsaya. Ya sa taɓarya ya ɓalle katakon tagar daga waje, ya hana kowa matsowa fiye da awa ɗaya. Da suka shiga, batirin ya yi zafi rau, gefensa ya kumbura. A nan ya faɗa mata cewa batirin da caji ya yi wa yawa yana fitar da wata iska da ido ba ya gani, wadda tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da ita, batir ya fashe ya watsa asid a fuskar duk wanda ke kusa. Martha ta dubi bencin nan na jikin ƙofa, inda mata suka zauna da goyonsu. Tana ɗaure masa hannu tana kuka, shi kuwa yana ta nanata mata cewa batir yana son iska, ba ya son wuta, ba a kuma raba shi da akwatinsa.

Ya dawo Minna bai gaya wa kowa ba. Masu tambayarsa bandeji, cewa yake yi tsautsayin aiki ne. Shekara tara Martha tana riƙe da maganar don ya roƙe ta, sai da ta ji zai rufe rumfa a ƙarshen watan nan, saboda idonsa ya daina ganin ruwan cikin batir, sannan ta ce ba za ta mutu da ita a ciki ba.

Baba Mudi, kai ne ka yarda a kira ka mai nawa don kada wani ya rasa ido. Kai ne ka sha zagi da garwashi a tafin hannunka, ka fara da neman gafara. Yaran nan ashirin da shida yau suna karanta allo da idanunsu biyu, ba ɗayansu da ya san sunanka. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai albarka.

Ku kuma masu cajin batir na garin nan, ku je ku zauna da shi kafin ya rufe rumfa, ku koyi nawar nan tasa, kada ku ji kunyar korar mai sigari. Yatsunsa uku na dama ba su sake miƙewa ba tun ranar. Saboda haka idan kun je gaishe shi ya miƙo muku hannun hagu, kada ku ce tsoho ya manta ladabi. Ku karɓa da hannu biyu.